Idan Kasuwa Ta Yi Sanyi: Ma'aikacin Bankin Zuba Jari Ya Sauya Sheƙa Ko Ya Yi Haƙuri?

Masu iya magana sun ce kowa ya daɗe ya ga daɗau. Mu da muka daɗe a ƙasar nan ta Birtaniya mun ga zamanin da babban burin mahaifi shi ne ɗansa ya zama likita ko injiniya ko lauya, yanzu kuma ga shi muna ganin 'ya'yanmu da jikokinmu suna samun shiga manyan bankunan zuba jari na tsakiyar birnin Landan da unguwar Canary Wharf, wasu ma suna can Wall Street a birnin Niyok na Amurka. Aiki ne mai albashi mai tsoka, amma kuma aiki ne da ke tafiya da yanayin kasuwa. Duk lokacin da hada-hada ta ja baya, tambaya ɗaya ce ke yawo a gidajenmu da wuraren suna da ɗaurin aure: shin yaron nan ya nemi wani banki tun da wuri, ko kuwa ya yi haƙuri ya zauna inda yake har kasuwa ta farfaɗo? A kan wannan tambaya za mu yi nazari a yau, domin amsarta ta shafi ma'aikacin, ta shafi kuma duk waɗanda ke cin abinci ta hannunsa.

Da farko ya kamata mu fahimci irin aikin. Bankin zuba jari daban yake da bankin kan titin unguwa inda muke ajiya muna cirar kuɗi. Aikinsa ya fi kama da na dillali, ko na fatoma a zango, wanda ke saukar da fatake ya kuma nemo musu masu saye. Wani kamfani na son sayen wani kamfani, ko biyu na son haɗewa, ko wani na son sayar da hannun jarinsa ga jama'a karon farko, ko yana son cin bashi mai yawa ta hanyar takardun lamuni. Bankin ne zai kimanta darajar kayan, ya nemo mai saye, ya tsaya a tsakani har a sallama. Kamar dai dillali, mafi yawan la'adarsa sai ciniki ya faɗa yake samun ta, kuma ciniki ɗaya kan ɗauki wata shida zuwa shekara guda, wani ma ya wuce haka. Shi kuma ma'aikaci kuɗinsa kashi biyu ne. Akwai albashin wata, akwai kuma bonas, wato garaɓasar ƙarshen shekara da yawancin bankuna ke biya tsakanin watan Janairu da Maris. Ga manyan ma'aikata bonas ɗin kan zarce albashin nesa ba kusa ba. Saboda haka idan ciniki ya yi ƙaranci, bonas ne ke fara ramewa, daga baya kuma a soma rage ma'aikata.

Bari mu dubi abin da ya faru a 'yan shekarun nan, domin darasin yana ciki. A shekarar 2021 kuɗin ruwa ya yi ƙasa ƙwarai a Amurka da Turai, kusan babu, bashi ya yi araha, kowa na saye. Jimillar cinikin saye da haɗewar kamfanoni a duniya ta haura dala tiriliyan 5 a wannan shekara, abin da ba a taɓa gani ba. Aiki ya yi wa bankuna yawa har wasu ƙananan ma'aikata 13 na bankin Goldman Sachs suka rubuta koke cewa suna yin kusan awa 100 a mako. Bankuna suka shiga rige-rigen ɗaukar ma'aikata da ƙarin albashi, har albashin sabon ɗauka a Niyok ya kai dala 100,000 zuwa 110,000 a shekara. Ma'aikatan Goldman Sachs kaɗai sun tashi daga kimanin 38,000 a ƙarshen 2019 zuwa kusan 49,000 a 2022.

Sai tsadar kayayyaki ta taso, manyan bankunan ƙasa suka ɗaga kuɗin ruwa don shawo kanta. Babban Bankin Ingila ya tashi daga kashi 0.1 cikin ɗari a Disamban 2021 zuwa kashi 5.25 a Agustan 2023. Na Amurka ya fara a Maris na 2022, ya kai tsakanin kashi 5.25 da 5.5 a Yulin 2023. Abin da wannan ke yi wa ciniki ba boyayye ba ne ga duk wanda ya san kasuwa. Mai saye da bashi yake saye, bashi kuwa ya yi tsada, don haka sai ya taya da rahusa. Mai kaya kuma bai manta farashin bara ba, sai ya ce albarka. Dillali ya yi ta kai-kawo, ba a sallama ba, bare ya ga la'ada. A 2023 jimillar cinikin ta sauko zuwa kimanin dala tiriliyan 3, mafi ƙaranci cikin shekaru goma. Landan ma abin ya fi yi mata ciwo, domin a watan Satumba na wannan shekara kamfanin Arm, wanda hedikwatarsa ke Kambirij a nan Ingila, ya zaɓi ya sayar da hannun jarinsa a kasuwar Nasdaq ta Niyok.

Sakamakon haka aka shiga sallamar ma'aikata. Goldman Sachs ya rage kimanin 3,200 a Janairun 2023. Morgan Stanley ya rage kimanin 1,600 a Disamban 2022, ya ƙara da wasu kimanin 3,000 a tsakiyar 2023. Lazard ya sanar da rage kashi goma cikin ɗari na ma'aikatansa a 2023, sannan Citigroup ya bayyana shirin rage 20,000 a Janairun 2024. Abin lura a nan shi ne, kusan kowane gida abin ya taɓa. Wanda ya bar banki ɗaya don gudun sanyin kasuwa, sanyin ya tarar a bankin da ya koma.

Amma kasuwa ba ta dawwama a hali ɗaya. A rabin ƙarshe na 2024 aka fara sassauta kuɗin ruwa a Birtaniya da Amurka. A watan Afrilun 2025 harajin shigo da kaya da Shugaba Donald Trump ya sanar ya sake daskarar da al'amura, kamfanoni irin su Klarna suka ɗage sayar da hannun jarinsu. Wata biyar kacal bayan haka, a Satumba, Klarna ya shiga kasuwar hannun jari ta Niyok. A cikin wannan shekarar aka sanar da cinikin kamfanin jiragen ƙasa na Union Pacific da Norfolk Southern na dala biliyan 85, da na kamfanin wasannin kwamfuta na Electronic Arts na dala biliyan 55, kuma jimillar cinikin shekarar ta haura dala tiriliyan 4. A duba wannan wata biyar da kyau. Sau da yawa tsakanin ranar da babban ma'aikaci ya fara neman sabon wuri da ranar da ya zauna a sabuwar kujera, ana cin wata biyar ɗin ko fiye. Ke nan mai gudun sanyi yana iya isa sabon gida ya tarar kasuwa ta riga ta buɗe, cinikin da ya yi shekara yana wahala a kansa kuma wani ya ƙarasa shi a tsohon gidansa.

To, a namu ganin, sanyin kasuwa shi kaɗai bai isa hujjar sauya sheƙa ba. Tambayar da ta kamata ma'aikaci ya yi wa kansa ita ce wadda manomi ke yi idan shukarsa ta yi yaushi: farin nan na gari ne baki ɗaya, ko kuwa gonata ce ta gaji? Idan fari ne na gari, sayar da gona a sayi ta maƙwabci ba ya kawo ruwan sama, sai dai asarar shukar da ke ƙasa. Idan kuwa ana ruwa a ko'ina amma gonarka ta ƙi, to zama ɓata lokaci ne.

Mu fara da abin da mai tashi ke asara, domin matasanmu sukan dubi sabon albashi su manta da sauran lissafin. Na farko shi ne mai tsaya maka. Ranar da za a rage ma'aikata, shugabannin sassa ne ke zama su rubuta sunaye, kuma kowa na kare wanda ya sani, wanda suka kwana a ofis tare suka fitar da aiki. Sabon zuwa ba shi da wannan, shi ya sa sau da yawa shi ne farkon fita. A dokar Birtaniya ma, kuɗin sallama da doka ta wajabta idan an rage ma'aikaci sai wanda ya yi shekara biyu a jere a wuri ɗaya yake da haƙƙinsa, kuma lissafin kan koma sifili ranar da ka sauya ubangida. A Amurka kuwa, a kusan dukkan jihohi, ana iya sallamar mutum ba tare da an ba shi dalili ba, muddin ba a taka dokar hana wariya ba.

Na biyu shi ne bonas. Wanda ya ajiye aiki kafin ranar biya yawanci ya yi asarar garaɓasar shekarar baki ɗaya. Bayan haka, wani kaso na bonas ɗin manya ba kuɗi ba ne a hannu, hannun jarin bankin ne da ake sakar wa mutum kaɗan-kaɗan cikin shekara uku ko fiye, kuma wanda ya koma wurin abokin gasa yakan bar abin da ba a sakar masa ba. Lokacin da kasuwa ke ci, sabon banki kan biya wannan asara don ya jawo mutum, har ya yi masa alkawarin bonas a rubuce. Idan kasuwa ta yi sanyi masu neman aiki sun fi guraben yawa, irin wannan tayi sai ga wanda ake matuƙar so. A nan Birtaniya akwai ƙarin abin dubawa. Tun 2014 dokar Tarayyar Turai ta hana bonas ya wuce albashi, ko ninki biyu idan masu hannun jari sun amince, abin da ya sa bankuna suka ɗaga albashin wata. A ƙarshen Oktoban 2023 Birtaniya ta soke wannan iyaka, manyan bankuna da dama suka ɗaga nasu ma'aunin. Ma'anarsa ita ce, a sabon kwantiragi kason da ya dogara da yanayin kasuwa yana iya fin na tsohon kwantiragi yawa, don haka a karanta takarda da kyau kafin a sa hannu.

Na uku shi ne zaman jira. Bankuna kan sa wanda ya ajiye aiki ya zauna a gida wata ɗaya zuwa uku, manya har wata shida, ana biyan sa albashi amma ba shi da izinin fara sabon aiki ko tuntuɓar abokan hulɗa. Dillalin da ya yi wata shida ba a gan shi a kasuwa ba, ya san wasu fataken sun sami wani masauki. Na huɗu kuma ya shafi ƙannenmu da 'ya'yan 'yan'uwa da suka zo karatu daga gida suka sami aiki da bizar ma'aikata. A Birtaniya bizar a ɗaure take da kamfanin da ya tsaya wa mutum, sauya wuri na bukatar sabuwar takarda, kuma idan aka sallame shi yawanci kwana 60 ake ba shi ya sami wani ko ya bar ƙasa. Mai bizar H-1B a Amurka shi ma kwana 60 ne. Wanda yake da takardar zama ta dindindin ko fasfo yana iya gwada sa'a, amma mai biza idan ya yi tsalle ya faɗa rami, har da zamansa a ƙasa ya tafi.

Duk da haka, akwai lokacin da zama ne kuskure. Babbar alama ita ce idan bankin da kansa yana janye jiki daga sana'ar da kake yi. A Yulin 2019 Deutsche Bank na Jamus ya sanar da fita daga cinikin hannayen jari tare da rage ma'aikata 18,000. A Janairun 2025 HSBC ya ce zai rufe sassansa na ba da shawara kan haɗewar kamfanoni da sayar da hannun jari a Birtaniya da Turai da Amurka. Wanda ke irin wannan sashe, ko kasuwa ta farfaɗo ba ta farfaɗo masa ba. Haka nan idan gidan ne ke rawa. Bankin Credit Suisse na Suwizalan ya yi asarar kimanin dala biliyan 5.5 a rugujewar kamfanin Archegos a 2021, ga kuma badaƙalar Greensill a wannan shekara, a Oktoban 2022 ya sanar da rage ma'aikata 9,000, kafin UBS ya saye shi a Maris na 2023. Shekara biyu alamun suna bayyane. Waɗanda suka tashi da wuri sun zaɓi inda za su, waɗanda suka tsaya kuma sun fito kasuwar neman aiki tare da dubban abokan aikinsu a lokaci guda. Da yawa daga cikinmu ba mu manta da hotunan ma'aikatan Lehman Brothers suna fitowa da kwalaye a Canary Wharf ranar 15 ga Satumban 2008 ba.

Alama ta biyu ita ce tashin ubangida. A wannan sana'a ciniki mutum yake bi, domin shugabannin kamfanoni da manajan daraktan da suka amince da shi suke hulɗa. Idan wanda ke kawo aiki a sashenku ya tafi, kuma ba a kawo madadinsa ba, to sashen ya zama rumbun da ba hatsi. Idan ya kira ka ka bi shi, wannan tashi ne da mai tsaya maka, ya bambanta da shiga baƙon wuri kai kaɗai. Alama ta uku ta shafi ƙananan ma'aikata ne musamman. Jarin matashi a shekarunsa uku na farko shi ne jerin cinikin da aka ƙulla da hannunsa a ciki, shi za a tambaye shi duk inda ya je. Wata shida ba ciniki ba komai ba ne. Amma idan an yi shekara ɗaya da rabi yana ta shirya takardun tallar da ba su haifar da komai ba, alhali takwarorinsa na wasu bankuna suna rufe ciniki a fanni ɗaya da nasa, to gonarsa ce ta gaji.

Ina kuma za a nufa? Komawa banki mai irin aikinka sak shi ne tashin da ya fi ƙarancin amfani a lokacin sanyi. Akwai sassan da kasuwarsu ke ci idan ta wasu ta mutu. Idan kuɗin ruwa ya hau, kamfanoni kan kasa biyan bashi, sai aikin masu sasanta kamfani da masu bin sa bashi ya yawaita, fannin da Houlihan Lokey da PJT Partners suka yi suna a kai. Akwai kamfanoni masu ba da bashi kai-tsaye ba tare da banki ba, irin su Apollo da Ares, waɗanda suka bunƙasa a shekarun da bankuna suka ja hannu. Akwai kuma ƙananan gidajen ba da shawara, waɗanda suka saba ɗiban ƙwararru lokacin da manya ke zubarwa. Ken Moelis ya kafa nasa a 2007, ana gab da babban rikicin kuɗi, kuma a 2023 Moelis da Evercore da Jefferies sun ɗauki manyan ma'aikata da dama suna jiran farfaɗowar kasuwa. Sai dai a sani, gwanayen da ke da abokan hulɗa suka fi nema, kuma ƙaramin gida ba shi da wasu sassan da za su rufa masa asiri idan ciniki ya ƙi.

Wasu daga cikin 'ya'yanmu kuma hankalinsu na karkata ga ƙasashen Larabawa. A 2022, shekarar da kasuwar sayar da sabbin hannayen jari ta yi sanyi a Turai da Amurka, a yankin Tekun Fasha ta yi zafi, inda hukumar wuta da ruwa ta Dubai kaɗai ta tara kimanin dala biliyan 6. Ga mai son aiki a fannin sukuk da hada-hadar da ba ruwa, can ne cibiya, kuma ba a cire harajin albashi a Dubai ko Riyad. Amma zaman can ma da aikin yake ɗaure, kuma kasuwar na bin farashin mai da kashe kuɗin gwamnati. Masu tunanin komawa gida Nijeriya su ma suna da abin dubawa, domin umarnin da Babban Bankin Nijeriya ya bayar a Maris na 2024, cewa bankuna masu lasisin ƙasa da ƙasa su kai jarinsu naira biliyan 500, ya samar wa masu wannan sana'a aiki a Legas, kamar yadda aka gani a 2005 lokacin da bankuna 89 suka koma 25. Sai dai wanda zai karɓi albashi da naira alhali yana da bashin gida ko na karatu da fam, ya tuna da yadda darajar naira ta faɗi tun daga Yunin 2023.

Shawararmu ga matasa ita ce, sauraron tayi ba laifi ba ne, amma kada a saki reshe a kama ganye. Kada a ajiye aiki sai da takardar sabon aiki a hannu, an rubuta albashi da matsayi da abin da za a yi da hannun jarin da aka bari a baya. A jira bonas ya shiga asusu. A tambayi masu ɗauka: gurbin nan sabo ne ko wani aka cire? Ciniki nawa sashen ya rufe a wata goma sha biyu da suka wuce? Mutum nawa aka rage bara? Wanda ya ji haushin waɗannan tambayoyi ya riga ya ba ka amsa. Wanda kuma ya zaɓi zama, lokacin sanyi ne lokacin koyon sabon fanni, da ziyartar abokan hulɗa, da neman a mayar da shi sashen da ke da aiki a cikin bankin, hanyar da ba ta taɓa shekarun da ya tara.

Mu ma iyaye da 'yan'uwa muna da namu kason. Da yawa daga cikinmu mun ɗauki albashin 2021 a matsayin abin da zai dawwama, muka ɗora wa yara ginin gida a Kano ko Kumasi ko Damagaram, da kujerar Makka, da kuɗin makarantar dangi. Yaron da ke ɗauke da wannan kaya shi ne ke tsalle zuwa duk inda aka ƙara masa 'yan dubbai ba tare da ya duba ƙasan wurin ba, shi ne kuma ke ɓoye mana ranar da aka sallame shi saboda kunya. Ya kamata mu gina buƙatun gida a kan albashin wata, mu ɗauki bonas a matsayin abin da in ya zo a gode wa Allah a adana. Mu ƙarfafa musu su ajiye abin da zai riƙe su wata shida aƙalla, domin mai guzuri ne kaɗai ke iya cewa a'a ga tayin da bai dace ba. Kuma idan an rage ɗanmu tare da mutum dubu uku, mu sani ba gazawarsa ba ce, kasuwa ce ta juya, yana bukatar mu ba shi wuri da lokaci ya sake shiri.

Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya ba su halaliya mai ɗorewa a duk inda suke nema.